Zube Ko Waƙa: Wanne Ɗalibi Zai Ɗauka Don Kundinsa?

Ɗalibin adabin Hausa da ya kai shekarar ƙarshe yakan daɗe yana jujjuya abu biyu a zuciyarsa kafin ya miƙa batun kundinsa: ya ɗauki ƙagaggen labari, wato zube, ya nazarta, ko ya ɗauki rubutacciyar waƙa ya feɗe. Akwai wasan kwaikwayo, akwai adabin baka, amma galibi tsakanin waɗannan biyun ake kai-kawo. Abin da ke damuna shi ne dalilin da ake yanke shawarar da shi. Wani ya ƙi waƙa don tsoron aruli, wato ilimin auna karin waƙa. Wani ya ƙi labari don ya ga kaurin littafi. Dukansu sauƙi suke nema, alhali sauƙin ba a inda suke zato yake ba.

Bari mu fara da waƙa, tun da ita aka fi tsoro.

Babban abin da waƙa ta fi labari da shi a wurin ɗalibi shi ne an riga an share mata hanya. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa matakan a Gadon Feɗe Waƙa, wanda daga baya ya faɗaɗa ya zama Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, aka buga shi a 2007, sannan Abdullahi Bayero Yahya ya fito da Jigon Nazarin Waƙa a 1997 da Salo Asirin Waƙa a 2001. Wanda ya riƙe waɗannan ba zai zauna yana tambayar kansa me zai sa a babi na uku ba. Zai fara da salsalar waƙar da tarihin mai ita, ya shiga jigo da furucinsa da warwararsa, ya koma zubi da tsari inda zai faɗi ko waƙar gwauruwa ce ko 'yar tagwai ko ƙwar biyar, wato yawan ɗangon da ke kowane baiti, ya nuna babban amsa-amo da ƙarami, ya auna kari, sannan ya dira a salo: kamance, siffantawa, alamtarwa, mutuntarwa, dabbantarwa, kambamar zulaƙe, gangara, saɓi-zarce da sauransu. Kowane mataki yana da suna, kowane suna yana da ma'anar da malamai suka yarda da ita. Idan ka ce baiti kaza akwai mutuntarwa, ana iya buɗe baitin a gani, ko ka yi daidai ko ka yi kuskure. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga mai koyon bincike.

Sai dai ita wannan ni'ima tana da illarta. Da yake matakan a jere suke, ɗalibai da yawa sukan mai da nazarin cike gurbi. A ɗauko kanu, a nemo baiti ɗaya da ya yi kama da shi, a liƙa, a wuce. Sai ka karanta kundi tun daga farko har ƙarshe ka san cewa waƙar tana da kamance, tana da aron kalmomin Larabci, tana da amsa-amo, amma ba ka san me ya sa ta yi tasiri a zukatan mutane ba, ko me ya raba ta da sauran waƙoƙi masu jigo irin nata. Kusan kowace waƙa tana da kamance. Tambayar da ke ɗauke da maki ita ce: me wannan kamancen ya yi wa saƙon, kuma me zai ragu da an cire shi?

To, aruli fa? Ni a ganina an girmama tsoronsa fiye da ƙima. Asalin ilimin na Larabawa ne, Halilu ɗan Ahmad ya tsara karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16, kuma marubutan Hausa ba duka suke amfani da su ba. Waɗanda ɗalibi zai fi cin karo da su su ne irin su Kamil, Basiɗ, Mutaƙarab, Mutadarak, Ramal, Wafir da Rajaz. Tushen aikin kuwa abu ɗaya ne tak: rarrabe gaɓa mai nauyi da maras nauyi. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce maras nauyi. Baƙi da dogon wasali, ko tagwan wasali irin "ai" da "au", ko gaɓar da ta rufe da baƙi, duk masu nauyi ne. Furta waɗannan kalmomi huɗu da ƙarfi, a jere: karatu, rubutu, tunani, bayani. Kowace ɗaya gaɓarta ta farko gajeriya ce, biyun da suka biyo baya dogaye. Wannan ita ce ƙafar fa'uulun, kuma idan ta zo sau huɗu haka a ɗango, ka sami Mutaƙarab. Furta "ɗalibi" ko "malami", za ka ji doguwa, gajeriya, doguwa, wato faa'ilun. Wanda kunnensa ya kama wannan bambanci ya ci rabin aruli. Abin da ya rage shi ne haddace ƙafafu da sanin zihafi da illa, wato canje-canjen da aka yarda su faru a cikin ƙafa, kuma wannan aikin 'yan makonni ne ga mai naci.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gado" na kwanciya da "gado" na dukiyar mamaci rubutunsu ɗaya, amma a ma'auni na farko gajeriya da doguwa ne, na biyu doguwa da doguwa. Saboda haka ba a auna waƙa da ido. Sai an rera, ko a ƙalla an furta a bayyane. Ɗalibin da Hausa ba ita ce harshensa na farko ba, ko wanda ya taso da karin harshen da ke gajarta wasu wasula, zai fi shan wuya a nan, kuma ya kamata ya gaya wa kansa gaskiya tun da wuri. Rubutun ajami ya fi taimakawa ta wannan fuska, don yakan nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, amma kuma karanta ajamin da kansa wani aiki ne.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai shiga waƙa ya sani don kada ya ruɗe. Ba kowace rubutacciyar waƙar Hausa ce ke hawa karin Larabci ba. M.K.M. Galadanci ya nuna yadda ma'aunin Larabawa ya dace da waƙoƙin Hausa masu yawa, amma Ɗalhatu Muhammad da Russell Schuh sun nuna cewa wasu marubuta daga waƙar baka suke ɗauko karinsu. An san Aƙilu Aliyu da yin haka. Idan ka yi ta yanka ɗango ya ƙi zama a kowane bahari, wato karin Larabci, ba lallai ne kai ka yi kuskure ba, kuma ba lallai ne mawaƙin ya yi ba. Wataƙila amon wani kiɗa yake bi. Ɗalibin da ya gano haka ya kuma iya kafa hujja a kai, ya riga ya sami sakamakon bincike na gaske, irin wanda ake nema.

Wahala ta biyu a waƙa ita ce harshe da zamani. Waƙoƙin ƙarni na 19, na su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu, cike suke da Larabci da tsohuwar Hausar Sakkwato da ishara zuwa ayoyi da hadisai da mas'alolin fiƙihu. Baiti ɗaya na iya tsayar da kai kwana da kwanaki kana neman malamin zaure ya warware maka. Wasunsu ma da Fulatanci aka fara yin su kafin a mai da su Hausa, wani kuma ya zo ya yi musu tahmisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗangaye ya zama ƙwar biyar, sai tambayar wane ne mai waƙar ta zama babi guda. Na ƙarni na 20 sun fi sauƙin harshe amma suna bukatar tarihi. Ba yadda za a yi ka feɗe "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ba tare da ka san muhawarar tsarin mulki ta wancan lokaci da matsayin sarakuna da tasowar jam'iyyu irin su NEPU da NPC ba. Waƙa gajeriya ce a takarda, amma abin da za ka karanta a gefenta kafin ka fahimce ta yakan fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Ƙagaggen labari kuwa da fara'a yake tarbar mutum. Harshensa na yau da kullum ne, ana karanta shi don nishaɗi, kuma tarihinsa a Hausa gajere ne har ɗalibi na iya riƙe shi a ka. An fara da gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Sai Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Sai littattafan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da suka fito a 1980, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da na gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da suka fito a 1982, irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma sai ambaliyar da ake kira Adabin Kasuwar Kano, inda mata suka shigo da ƙarfinsu. Yanzu ga masu rubutu a intanet, suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. Wato abin nazari ba ya ƙarewa.

Amma a nan ne tarkon da ya fi kowane kama ɗalibai yake, kuma shi ne maimaita labari. Ɗalibi zai rubuta kanu "Jigo", sai ya ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe. Ya rubuta "Zubi da Tsari", ya sake ba da shi babi-babi. Ya rubuta "Taurari", ya sake ba da shi a karo na uku ta bakin kowane tauraro. Shafuka sun cika, hannu ya gaji, amma ba a yi nazari ba. Dalili kuwa shi ne labari yana da daɗin bayarwa, kuma mai bayarwa yana jin kamar aiki yake yi. A waƙa da wuya ka yaudari kanka haka, don idan ka mai da baiti zube ka tsaya, kai kanka za ka ga ba ka ce komai ba.

Ga yadda bambancin yake a aikace. A ce ka ɗauki Shaihu Umar. Maimaita labari shi ne ka ce an sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun wane, aka tsallaka da shi hamada, ya zama malami, mahaifiyarsa ta fita nemansa ta faɗa bauta. Nazari yana farawa ne lokacin da ka lura cewa Umar da bakinsa yake ba almajiransa labarin, yana cewa "na yi", "na ga", amma kuma yana kawo wahalhalun da mahaifiyarsa ta sha a wuraren da shi ba ya nan. Ta ina ya sani? Me ya sa marubucin ya zaɓi dattijon malami mai natsuwa ya zama mai ba da labarin bauta, maimakon wanda ke cikin zafinta? Yaya wannan zaɓi ya sanyaya ko ya ƙarfafa hukuncin da littafin ke yi wa cinikin bayi? Waɗannan tambayoyi uku sun isa kundi guda, kuma babu wadda za a amsa da taƙaita labari. Haka idan Ruwan Bagaja ka ɗauka, ba jera ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi wa juna ne aikin ba. Aikin shi ne ka nuna abin da ya ɗaure waɗannan aukuwa masu zaman kansu har suka zama littafi ɗaya, da abin da zai faru da an sauya jerinsu.

Ka ga ke nan zube ya fi bukatar ɗalibi ya zo da tambayarsa. Akwai jagorori, kamar Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Isa Mukhtar, kuma kanun da aka saba da su sanannu ne: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Amma kanun nan faffaɗa ne, ba su matse mutum kamar yadda matakan waƙa ke matse shi. 'Yancin ya fi yawa, haka ma wurin ɓata.

Sannan akwai aikin tattara hujja, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai nauyinsa ba. Waƙa mai baiti hamsin kana iya shimfiɗa ta gaba ɗaya a kan tebur, ka ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace siffantawa, ka ga waƙar duka da kallo ɗaya. Littafi mai shafi ɗari biyu ba ya shimfiɗuwa haka. Dole ka karanta shi fiye da sau ɗaya, karatun farko don labari, na baya da littafin rubutu a gefe, kana ɗaukar lambar shafi duk inda tauraruwar ta yi magana a kan aure, ko duk inda mai ba da labari ya tsoma baki ya yi wa'azi. Wanda bai yi haka ba zai dawo yana cewa "a wani wuri marubuciyar ta nuna", kuma mai duba aiki zai rubuta masa a gefe: a ina?

Batun samun matani ma ya bambanta, kuma kowane ɓangare da ciwon kansa. Littattafan gasar 1933 da na Imam suna nan, an sha sake buga su. Amma da yawa daga littattafan Kasuwar Kano sun fito ne kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wasu babu shekarar bugu a jiki, wasu sun ɓace daga kasuwa. Kada ka kuskura a amince maka da batu kafin dukkan kashin su shigo hannunka. Labaran intanet kuwa ba su da tsayayyen shafi, marubuciya na iya gyara babi ko ta goge shi bayan ka gama nazarinsa, don haka sai ka adana kwafinka da ranar da ka sauke. A ɓangaren waƙa, waɗanda aka buga a diwani kamar Fasaha Aƙiliya ko Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja ko Imfiraji na Aliyu Namangi ba su da matsalar samu. Matsalar tana ga waɗanda ke yawo a rubutun hannu ko a kaset, inda za ka tarar da kwafi biyu sun saɓa a kalma ko a yawan baitoci. Kalma ɗaya da mai kwafa ya canza tana iya karya kari, kai kuma ka ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba.

Wani abin dubawa shi ne yawan waɗanda suka riga ka. Shahararrun waƙoƙi da shahararrun littattafai duk an tattake su. A sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejojin ilimi, an tara kundaye masu yawa a kan Imam da Aƙilu da Zungur. Wannan yana sauƙaƙa babin bitar ayyukan da suka gabata, amma yana tsaurara hujjar ci gaba da bincike, don sai ka nuna giɓin da ka zo cikewa. Sabon marubuci da ba a taɓa nazarinsa ba akasin haka ne: giɓin a fili yake, amma ba ka da kafaɗar da za ka dafa. A nan zube ya fi waƙa yalwa, don sababbin labarai sun fi sababbin diwanai fitowa. Sai dai sabo ba shi ne mai kyau ba. Akwai littafin da ba shi da abin da za a tono a cikinsa, kuma nazari ba ya ƙirƙiro zurfin da babu.

Game da ra'i, wato mazhabar nazari, wanda yanzu kusan kowane sashe ke nema a ɗora aiki a kansa, labari ya fi karɓar ra'o'in da suka shafi al'umma. Mai son duba matsayin mata ta fuskar matantaka zai sami abin faɗa a rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, mai son duba talaka da mai kuɗi ta fuskar Markisanci zai samu a littattafan 1982. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi a jaridu a kan darajar adabin kasuwa ma kanta abin ginawa ce a kai. Haɗarin shi ne ɗalibi ya manta adabi yake nazari, ya koma rubuta sharhi a kan auren dole ko cin hanci, littafin ya zama hujjar gefe kawai. Waƙa ta fi jituwa da nazarin salo da tsari, inda harshen kansa ne abin kallo.

A ranar kare kundi ma tambayoyin ba iri ɗaya ba ne. Mai waƙa ya sa rai za a ce ya rera baiti, ko a miƙa masa alli a ce ya yanka ɗango a allo. Tambaya ce mai kaifi, amma tana da amsa ɗaya, kuma wanda ya yi aikinsa da kansa zai wuce cikin minti biyu. Mai labari za a tambaye shi me ya gano wanda mai karatu na yau da kullum bai gani ba. Wannan ta fi taushi a kunne, ta kuma fi wuyar amsawa.

Idan aka matsa mini in zaɓa wa ɗalibin digiri na farko da ke da watanni kaɗan, kuma kunnensa na rarrabe dogon wasali da gajere, waƙa zan ce ya ɗauka, guda ɗaya ko biyu na mawaƙi ɗaya, daga ƙarni na 20. Dalilina shi ne za ta tilasta masa karatun ƙwaƙƙwafi, kalma bayan kalma, kuma wannan horon zai amfane shi ko da daga baya zube ya koma. Wanda kuwa ya riga ya saba da karatun labarai, yana gama littafi ya ji wani abu na ci masa rai game da yadda aka gina wata tauraruwa ko yadda aka rufe labarin, to ya bi zube, amma da sharaɗi: littafi ɗaya ko biyu, tambaya ɗaya ƙunƙuntacciya, kuma taƙaitawar labarin kada ta wuce shafi biyu a duk kundin. "Nazarin littafi kaza" ba batu ba ne. "Yadda mai ba da labari ke tsoma baki a littafi kaza" batu ne.

Wasu sukan yi dabarar haɗa biyun, su ce za su kwatanta jigo ɗaya a waƙa da labari. Abin yana da kyau a kunne, amma yana nufin koyon kayan aiki iri biyu da bitar ayyuka iri biyu a lokacin da ɗaya ma da ƙyar yake isa. A bar shi sai digiri na biyu.

Kafin ka je wurin mai duba aikinka, gwada kanka da yamma ɗaya. Ɗauki baiti biyar na waƙar da kake tunani, ka yanka su gaɓa-gaɓa, ka rubuta shafi guda a kan abin da salonsu ya yi wa ma'ana. Sannan ɗauki babi ɗaya na littafin da kake tunani, ka rubuta shafi guda a kansa ba tare da ka faɗi abin da ya faru a cikinsa ba. Wanda ka cika shafinsa har kana neman ƙarin takarda, shi za ka kai.